Lakar Bayan Gidan Baba Wada

Ranar da Mukhtaru ya fara ganin Zinariya, laka ce har gwiwa a lungunan unguwar Nakkasa, don ruwa ya gangaro daga duwatsun Makka kamar da gayya. Shi kuwa yana bisa abar da unguwa ke masa dariya a kanta, wata 'yar taraktar lambu da ya kwaso a mace daga Wadi Fatima. A tsohuwar mujalla ya ga Turawa na ture ƙanƙara da irinta, sai ya tsaga ganga ya walda mata a gaba. Ƙanƙara a Makka? Ai kuwa ya sha tsiya shekara biyu cur.

Tana tsaye a ƙofar gidansu, ta rasa inda za ta taka.

"Malam mai ƙanƙara, ba ka share mana hanya?"

Shi ke nan, muryar nan ta gama da shi. Ya share ƙofar tas, ya kuma sharewa, don dai ta ci gaba da kallo. Tulin lakar ya jibge ta a bayan gidan, daidai bakin magudanar ruwa, bai ko lura ba.

Bayan kwana uku ruwa ya dawo. Da ya rasa hanya sai ya fasa katangar Baba Wada, mahaifinta, ya shiga har akwatin marigayiya innarta. Zannuwan saƙin da ta taho da su a ƙafa daga Katsina duk suka lalace.

Baba Wada ya ɗora laifin kan Salihu magini, maƙwabcinsu mai tara yashi a wajen, wanda ya daɗe yana neman Zinariya. Ya kore shi, ya daina amsa masa sallama. Mukhtaru kuwa, da ya ga bakin magudanar ya gane aikinsa ne, amma ya ja bakinsa ya yi gum. Ya shiga neman Zinariya, ya zama ɗan gida, ana sa masa albarka, kowace albarka tana ƙona shi. Wallahi ko abinci ya daina yi masa daɗi.

Bayan wata huɗu Goggo Zali, ƙanwar Baba Wada, ta kawo masa takarda:

"Mai ƙanƙarata, Baba ya ce ka turo manyanka ran Juma'a. Me ya sa kake ramewa? Ko ka fasa ne? Taka, Zinariya."

Bai jira Juma'a ba. Bayan la'asar ya durƙusa gaban tsohon.

"Baba, ni na toshe magudanar. Ba Salihu ba ne."

Tsohon ya dube shi ya ce:

"Ba katangar ce ta dame ni ba, yaro. Wata huɗu ka bar ni ina ɗawafi da ƙullin bawan Allah a zuciyata. Shi ke nan, tashi ka ba ni wuri."

A soro ya ji muryar Zinariya daga bayan labule.

"Kana kallona ina kukan zannuwan Inna, ka yi shiru?"

"Tsoron rasa ki nake yi, Zinariyata. Ban da hujja."

Ta juya ta koma cikin gida.

Washegari ya je ya nemi gafarar Salihu a gaban jama'a. Ya ɗauki shebur ya tone magudanar da hannunsa, ya yi wa Salihu aikin lebura har katanga ta tashi. Taraktar ko kallonta bai yi ba. Salihun ne da kansa, bayan sun yafi juna da tsohon, ya ce, "Baba, ka ba shi ita. Ni da ni ne, anya zan iya faɗa?"

Bayan aikin Hajji aka ɗaura aure. A kan taraktar aka kai kayan amarya, mata na guɗa, masu tsiyar da suna biye.

Da ya shiga ɗakin, sai ya gan ta ɗaure da zanen innarta, shacin laka na nan a gefensa.

"Na wanke har na gaji, ya ƙi fita," in ji ta.

Ya sunkuyar da kai. "Ki yafe min."

"Na yafe tun ranar da ka faɗa, mai ƙanƙarata. Amma daga yau, in za ka kalle ni, ka fara kashe injin."

Allah Ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari.