Ƙofar Shingen Tumaki

A tseren mil ɗari na tsaunukanmu, wanda ya ratsa ƙofar shingen tumaki a ƙarshe shi ke rufe ta. A dare na biyu, dusar ƙanƙara na dukan fuska, ni ne na ƙarshe.

"Tsoho, in ka mutu a nan, takalmanka nawa ne!" in ji Dougie, wanda nake kira aboki. Shi da abokin gudunsa Clive suka tuntsire da dariya, fitilunsu suka shige hazo.

Na kama sakata ke nan, sai murya a bayana: "Riƙe mini, Neville."

Mace ce, tana jan ƙafar hagu. Numfashina na tashi kamar hayaƙi, nata babu. Ƙanƙarar da ke sauka a kumatunta ba ta narkewa.

Nan na bar matata Maureen da karaya shekara tara da suka wuce. Na ce mata masu ceto na tafe, na wuce, don ina kan gaba a tseren. Gawarta aka ɗauko.

Ta dafa hannuna a kan sakatar, yatsuna suka mutu.

"Na nawa ka zo a wancan tseren, maigida?"

"Na huɗu."

"Na huɗu," ta ce, ta ƙara matsewa.