Wanda Ya Zare Wayar Wuta

Ƙarfe ɗaya na rana, ma'aikatan wani kamfanin batir a birnin Hsinchu suka dawo daga cin abinci, suka tarar an zare wayar wutar babbar kwamfuta. Da aka kunna ta, rahoton da ya nuna sabon batirinsu na kamawa da wuta ya zama shirme, ba ya karantuwa.

Kafin Sufeto Liao ta iso, Manaja Tseng ya riga ya rubuta takardar korar Injiniya Kuo. Wai ita ta yi ganganci da waya, kuma allunan ƙwaƙwalwar da ta sa wa kwamfutar a watan jiya su suka dagula rahoton. Rainin hankali tsagwaronsa.

Mutum uku ke da katin shiga ɗakin kwamfutar: Tseng, Kuo da Injiniya Pan. Liao ta keɓe kowa ta yi masa tambaya ɗaya: in wuta ta yanke, me ke saura a ƙwaƙwalwar?

Pan ya ce kundin ayyukan kwamfutar na nan. Kuo ta ce kafin kwamfutar ta taɓa kowane fayil sai ta rubuta abin da za ta yi a wannan kundi. Ita Kuo ce ta mayar da kundin kan sababbin allunan don sauri, su kuwa ba sa mantuwa ko babu wuta. Sau biyu tana bayanin nan a taro, manaja na latsa wayarsa.

Tseng ya yi tsaki. "Shekara talatin ina aikin nan, Sufeto. Wuta na yankewa, ƙwaƙwalwa ta goge."

"Kai kaɗai ka yarda da haka," in ji Liao. "Su biyun sun san zare waya ba ya ɓoye komai."

Aka buɗe kundin a gabansa. Minti ɗaya kafin wuta ta yanke, an shiga da lambar Tseng an ɗora fayil ɗin shirme a kan rahoton, sannan aka mayar da sunan Kuo a kai. Tseng ya so batirin ya shiga kasuwa, ko gidan wa zai ƙone.

Kuo ta ɗauko takardar sayen allunan, wadda aka rubuta a ciki cewa ba sa mantuwa, ta dangwara masa kusa da ta korarta.

"Manaja, duka biyun sa hannunka ne. Da ka karanta ta farkon."