Kada Kowa Ya Miƙe Tsaye

Huseina na durƙushe a tsakar gida tana tankaɗen garin masara, sai ga Inna Barira, uwar mijinta, ta fito da buta a hannu. Ta tsaya a kanta, ta kalle ta sama da ƙasa.

"Jiya da yamma ke da wa kike ƙyaƙyata dariya a ƙofar ɗaki?"

"Ni da Yaya ne, Inna," ta amsa kanta a sunkuye.

"Ke da Yaya! Uban mijinki yana nan yana alwala? Mu a garin nan mace ba ta jerawa da mijinta, balle ta washe masa baki a gaban manya. Amma ina! Ku 'yan birni tun ranar suna aka raba ku da kunya."

Hawayen Huseina suka ɗiga a kan rariyar.

A Kano Basiru ya aure ta, lokacin yana aiki a wani kamfanin robobi. Ba a jima da bikin ba abubuwa suka taɓarɓare aka rufe kamfanin, ya kwaso ta suka dawo ƙauyensu kusa da dam ɗin Watari, ya koma noman rani. Fetur ɗin injin ban-ruwa ya gagari talaka, taki kuwa sai dai a ji labarinsa. Huseina, 'yar mahauci da ta tashi kullum da nama a miya, ta koma tuwo sau ɗaya a rana, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Amma ita Inna wannan duk ba ta gani. Makon jiya ma ƙara ta kai wa maigidan, Malam Sammani, har ransa ya ɓaci ya ce wa Basiru, "Na gaji. In aka sake kawo mini maganar rashin kunya a kan yarinyar nan, da hannunka za ka mai da ita gidan ubanta." Kowa kuma ya san Malam ba ya magana biyu.

Da azahar Basiru ya dawo daga gona ya same ta a ɗaki idanu sun yi ja.

"Ke, share hawayen nan. Gobe hanimun za mu!"

"Hanimun? Yawon amarci bayan shekara biyu, kuma a wannan marrar?"

"Ba tun muna zance na yi miki alkawarin zan sa ki a kwale-kwale ba? Abokina Muntaka masunci ya ce zai zagaya da mu kyauta. Baba kuma zai tafi ta'aziyya Shanono tun da sassafe."

"Inna fa?"

"Zan ce mata asibiti za mu."

Ta riƙo hannunsa. "A'a Yaya, filis. Ka gaya mata gaskiya. In ta hana, sai mu haƙura."

"Kin san za ta hana. Huseina, kin rame, kin daina dariya. Awa ɗaya kawai nake roƙo, in gan ki kamar dā."

Ta san ba daidai ba ne. To amma wata takwas rabonta da ta taka ko ƙofar gida, ga shi kuma yana kallonta irin kallon nan da ya sa ta baro birni. Ta gyaɗa kai.

Washegari da hantsi suka isa bakin ruwa. Muntaka ya riƙe musu jirgin suka shiga, Basiru a katakon tsakiya, ita a na gaba. Kafin ya tura, ya ɗaga yatsa.

"Amarya, doka ɗaya ce a jirgina. Ko me kika gani, ko me kika ji, kada kowa ya miƙe tsaye. Kin iya ruwa?"

"Ko a baho ban iya ba," ta ce, suka kwashe da dariya.

Da farko ta ƙanƙame gefen jirgin tana salati. Da suka yi nisa kuwa, sai tsoro ya sake ta. Ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ga gonakin albasa da tumatir kore shar a bakin gaɓa, can kuma masunta kwance a kan manyan goruna suna jan taru. Ta tsoma yatsunta a ruwan, ta yarfa wa Basiru a fuska.

"Zo nan mu yi selfi," ya ce.

Muntaka ya rage tuƙi, ta ja jiki a hankali har ta koma katakon Basiru. Ya ɗaga tsohuwar wayarsa mai fasasshen gilashi, ta kwantar da kai a kafaɗarsa tana dariya, dariyar da ya daɗe bai ji ba.

Daidai nan wani jirgin fasinja ya ɓullo daga bayan dogayen ciyayi, bai fi taku ashirin tsakaninsu ba. A gabansa wani dattijo ne zaune da farar hula da carbi. Malam Sammani! Ashe ya zauna a tasha har hantsi babu mota saboda wahalar mai, ya ce bari ya tsallaka ta ruwa ya ƙarasa a ƙafa.

Huseina ta haɗa ido da shi, kanta a kafaɗar ɗansa. Ba ta yi tunani ba. Jikinta ne ya yi abin da aka shekara biyu ana dasa masa. Ta zabura ta miƙe tsaye don ta bar kusa da mijinta ta durƙusa.

"Zauna! Amarya zau—"

Jirgin ya karkata, Basiru ya kai hannu zai riƙo ta, nauyinsu ya taru gefe guda. Sai ji kake tinjim!

"Innalillahi! Huseina! Huseina!" Basiru ya ɗago yana maƙale da jirgin da ya kife, yana shan ruwa yana ihu. Muntaka ya nutsa, ya taso hannu wayam, ya sake nutsawa. Matan ɗaya jirgin suka ɗora hannu a ka. Babu ita, babu alamarta.

Can sai ga bakin shuɗin hijabi ya taso gab da jirgin fasinjan. Malam Sammani, mutumin da tunda aka kawo ta gidansa bai taɓa kallon fuskarta sosai ba, ya jefar da carbi, ya zura rabin jikinsa cikin ruwa. "Ku riƙe ƙafata!" Ya damƙi hijabin da hannu biyu ya ja, har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Aka taru aka ciro ta kamar tsumma.

Aka kifa ta, aka danna bayanta, ta amayar da ruwa. Da ta buɗe ido ta ga wanda ke tallafe da ita, sai ta soma laluben jiƙaƙƙen hijabin tana son rufe fuska. Ta ce, "Baba... ina kwana."

Dattijon ya kau da kai.

Kafin su iso gida labari ya riga su. Inna na tsaye a zaure tana huci.

"Asibitin ke nan? Ta ja mini ɗa tsakiyar ruwa za ta kashe shi, gari duk ya ɗauka! Wallahi yau sai ta bar gidan nan!"

Bayan la'asar Malam ya tara su a ƙofar turakarsa. Huseina ta raɓe can gefe, zazzaɓi na kaɗa ta, ta riga ta ɗaure kayanta a zani.

"Malam, kai ka yi alkawari da bakinka," in ji Inna.

"Na yi." Ya juya. "Huseina, wa ya kawo shawarar zuwa ruwa? Wa ya ce a ce asibiti?"

Ta san in ta faɗa, fushin uba zai sauka a kan mijinta. "Ka yi haƙuri Baba, na yi kuskure," ta ce, hawaye na zuba.

Basiru ya zube a gaban ubansa. "Wallahi Baba ni ne! Ta roƙe ni in gaya wa Inna gaskiya, na ƙi. Ni na yi ƙaryar. In kora ce, ni za a kora."

"Kai naka hukuncin daban, ƙarya ga mahaifiya ba ƙaramin abu ba ne." Malam ya dubi matarsa. "Barira, kin ce yarinyar nan ba ta da kunya, ni kuma na yarda ban bincika ba. Yau na gani da idona. Ba ta iya ruwa ba, mai jirgi ya gargaɗe ta, amma don kawai kada in gan ta zaune kusa da mijinta na sunna, ta miƙe a tsakiyar dam. Da na ciro ta, ranta a hannun Allah, gaishe ni ta yi." Ya girgiza kai. "Wane irin tsoro muka cusa wa 'yar mutane? Da yau gawarta na ɗauko, me zan gaya wa ubanta? Ni da ke muka kifar da jirgin nan, Barira."

Inna ta dubi ƙunshin kayan, ta dubi yarinyar da ke karkarwa, sai ga hawaye shar a kumatunta. Ta tashi ta ɗauke ƙunshin ta miƙa wa Basiru.

"Mai da shi ɗaki." Sannan ta durƙusa, ta dafa goshin Huseina. "Jikinki zafi rau. Tashi 'yata, in ɗora ruwa in gasa miki jiki. Ki yafe mini."

Huseina ta faɗa jikinta tana kuka, Inna ta rungume ta a gaban kowa.

Haka haƙurin shekara biyu ya yi wa Huseina rana. Ku matasa, kada daɗin awa ɗaya ya sa ku yi wa iyaye ƙarya, don ba ku san inda za ta kife da ku ba. Ku kuma iyaye, 'yar da aka kawo gidanku amana ce. Ku koya mata kunya da tausasawa, kada tsoronku ya fi mata tsoron mutuwa.