Gadar da Ta Rage a Taswira

Ruwan sama bai gama ɗaukewa ba aka bugo waya ofishin 'yan sanda cewa wata mota ta faɗa ƙarƙashin tsohuwar gada. Sufeto ya ajiye shayin da ko kurɓa bai yi ba, ya yafito Saje, suka fita.

Gadar dai suna kawai ya rage mata. Tun bara aka rushe tsakiyarta aka gina sabuwa can gaba, aka jera ganguna a bakin titin don tare hanya. Direbobin tifa masu ɗibar yashi suka ture gangunan gefe don su riƙa gangarawa rafi, kuma kamar yadda aka saba, ba wanda ya ga aikinsa ne ya mayar.

Mutum ɗaya ne a motar, kuma rai ya riga ya yi halinsa, dattijo mai furfura, bel ɗinsa a ɗaure, tabarau a hanci. Masu kallo suka shaida shi, mai gidan burodin da ke bayan kasuwa ne. Sawun birki a kwalta bai fi tsawon tabarma ba.

Sufeto ya leƙa ta tagar da ta fashe. Na'urar nuna hanya na nan manne a gilashi, fuskarta ta tsage amma ba ta mutu ba. Muryar mace na fitowa daga cikinta a natse, tana ta nanata a ci gaba miƙe. A fuskar kuma ga shuɗin layi ya ƙetare rafin lafiya lau, ta kan gadar da babu ita.

Sufeto mutum ne da bai taɓa yarda da irin waɗannan na'urori ba. Har yau in ya ɓata hanya sai ya tsaya ya tambayi mai faci, kuma Saje ba ya gajiya da yi masa tsiya a kan haka. Ranar dai Saje ya ajiye tsiya gefe. Ya ciro na'urar ya sa a leda, muryar na ci gaba da magana daga ciki.

Washegari suka je gidan mamacin. Falo cike da masu gaisuwa, amma autar gidan tana zaune ita kaɗai a bakin ƙofar kicin, ba wanda ya matsa kusa da ita. Daga cikin ɗaki ana jin gwaggonta, ƙanwar mamacin, tana faɗa wa duk wanda ya shigo cewa wasu 'ya'yan sayen masifa suke yi su kai wa ubansu da sunan kyauta. Ba ta rage murya ba, don dama so take a ji.

Auta ta ce ita ta sayi na'urar. Baba ya fara mantuwa tun bayan rasuwar mahaifiyarsu. Burodi bai manta ba, hannunsa ya san ƙullu ko da ido rufe, amma hanya ta fara kuɓuce masa. Sai ya tsaya a mararraba ya rasa ina ya dosa. Ya ce ranar da aka karɓe masa mukullin mota, ranar a fara shirya masa likkafani. Shi ya sa ta nemo abin da zai riƙa yi masa jagora, ta koya masa danna gida, danna gidan burodi, danna gidanta.

"Ranar gidana zai zo," in ji ta. "Ni na ce masa, Baba kada ka yi gardama da ita, duk abin da ta ce ka bi. Ya kuwa bi."

"Yaushe rabon da a sabunta ta?"

"Watan jiya na kai ta wurin mai gyara. Da muka dawo ina cikin motar, ta sabuwar gada ta bi da mu. Wallahi da idona na gani, Yallaɓai. Amma wa zai yarda da ni yanzu?"

Sufeto ya yarda da ita, amma bai faɗa ba. Ya ji tausayinta ƙwarai, don ya san irin wannan zargi na cikin gida ba ya buƙatar kotu, kuma ba a ɗaukaka ƙara a kansa.

Wanta ya rako su har bakin ƙofa. Mataimakin shugaban wata makarantar sakandare ne, mutum mai tsabta da auna magana. Ya ce shi tun farko bai goyi bayan Baba ya ci gaba da tuƙi ba, ya yi magana har bakinsa ya gaji. Ya ce rabonsa da taɓa motar tun bara, saboda Baba ba ya ba kowa mukulli. Ya kuma ba da shawara, cikin ladabi, cewa a binciki wanda ya yi gyaran.

A mota Saje ya ce wannan mutum ya san abin da yake yi. Sufeto ya ce haka ne, sai dai mutumin bai tambayi yadda aka yi na'urar ta yi kuskure ba, alhali kowa a gidan abin da yake tambaya ke nan.

Shagon mai gyara ɗan ƙarami ne, a tsakanin mai sayar da taya da mai ɗinkin kujerun mota. Wayoyi sun zubo daga kowace kanta, fanka na juyawa da ƙyar. Ana kiransa Injiniya. Da ya ga kaki sai gumi ya karyo masa.

Ya amsa cewa shi ya sabunta na'urar. Da Sufeto ya nuna masa gadar a fuskarta, sai ya ce wataƙila da kanta ta koma tsohuwar manhaja, kayan zamani ba su da tabbas. Ya rantse shi bai taɓa mayar da na'urar kowa baya ba, bai ma san yadda ake yi ba.

Bai rufe baki ba wani direban tasi ya leƙo da tasa na'urar a hannu.

"Injiniya, don Allah ka mayar min da tsohuwar nan kamar yadda ka yi wa abokina. Wannan sabuwar sai na kai inda za ni kafin ta gama tunani."

Saje ya yi dariya. Direban ya ga fuskar Injiniya, ya ga kaki, ya tuna yana da fasinja a waje.

Daga nan Injiniya ya sauko. Ya ce gaskiya yana yi wa direbobi, don sabuwar manhaja ta yi wa tsofaffin na'urori nauyi. Amma na'ura ba ta komawa baya da kanta. Sai an samo tsohuwar manhajar an zuba a katin memori, an zura a na'urar, an danne maɓalli har ta kashe kanta ta tashi. Duk wanda ya iya karatu zai iya, bayanin na nan a intanet. Abin da mutane ba sa lura da shi, in ji shi, taswirar ma komawa take tare da manhajar, shi ya sa yake gargaɗin kowa kafin ya taɓa.

"Wannan ta dattijon ba ni na yi ba, ranka ya daɗe. Tsoro ne ya sa na yi maka ƙarya. Mutumin da ke kawo min burodi kyauta, me zai sa in cuce shi?"

Saje ya so a sa masa ankwa nan take. Sufeto ya ce a'a, amma ya rufe shago ya biyo su, don akwai aikin da zai yi musu.

A ofis aka ba shi tebur da na'urar. Sufeto ya tambaye shi me ke ɓacewa in an mayar da manhaja baya. Ya ce komai, wuraren da aka ajiye da tarihin tafiye-tafiye duka. Sufeto ya danna, sai ga gida, ga gidan burodi, ga gidan Auta, duk suna nan. Ke nan wanda ya yi aikin ya zauna ya sake shigar da su ɗaya bayan ɗaya, don kada dattijon ya ga canji. Wannan ba aikin ganganci ba ne, kuma ba aikin baƙo ba ne.

"To tarihin fa? Daga ina yake farawa?"

Injiniya ya ce daga inda na'urar ta farfaɗo ta fara kama tauraron ɗan'adam. Ya buɗe, ya yi ta ja baya har layukan suka ƙare. Layin farko bai taso daga gidan mamacin ba, bai kuma taso daga shagon gyara ba. Daga wani fili ya taso, a bayan wani dogon gini, ranar Asabar ɗin da ta wuce.

Sufeto ya daɗe yana kallon ɗigon da ke nuna wurin a taswira. Ya so a ce bai gane wurin ba. Ya sallami Injiniya, ya ce ya je ya buɗe shagonsa.

Rumfar ajiye motocin malamai ce a bayan makarantar da wan Auta ke aiki. Suka iske mataimakin shugaba a ofishinsa, duk da yana hutun rasuwa. Ya ce ya zo ɗaukar wasu takardu ne, gidan ya yi masa hayaniya. Sufeto ya zauna ba tare da an ba shi kujera ba, ya ajiye ledar a kan tebur.

"Malam, ka ce rabonka da motar tun bara."

"Haka na ce."

"Ranar Asabar me ya kawo ta bayan ofishinka?"

Ya ce wataƙila Baba ne ya kawo masa ziyara. Sufeto ya ce makaranta ba ta aiki ranar Asabar, kuma ma'aikatan gidan burodi sun shaida tun safe har yamma dattijon na bakin tanda. Malam ya ce to ya tuna, ya karɓi motar ya kai canjin mai. Sufeto ya tambayi wane gareji. Malam ya cire tabarau ya ajiye.

Da ya fara magana, bai ɗago kai ba. Ya ce kwanaki Baba ya kusa take wata mata da goyo a bakin kasuwa, shi ya je ya ba da haƙuri, ya ɓoye wa Auta. Ya roƙi Baba, ya yi fushi, ya turo abokansa, duk a banza. Kullum amsar ɗaya ce, tunda na'ura na kai shi tana dawo da shi, ina matsalar? Sai ya ga in na'urar ta ba shi kunya sau ɗaya, magana ta ƙare. Tsohuwar taswira ba ta san sababbin titunan unguwar Auta ba. Zai yi ta zagaye, ya tsorata, ya kira, a je a ɗauko shi, shi da kansa ya miƙa mukulli.

"Ka san ta tsohuwar gada za ta bi da shi?"

"Na sani. Amma akwai ganguna. Na ce zai iske hanya a rufe ya tsaya. Ban je na duba ba, Yallaɓai. Tafiyar da ba ta kai komai ba, ban je na duba ba."

"Kuma kana zaune kana ji gwaggonku na cin naman ƙanwarka."

"Ina ji."

Sufeto ya kama masu laifi da yawa, kuma yawancinsu ba ya tuna fuskarsu. Wannan ya san zai daɗe yana tunawa, don ya ga mutumin da ya so ubansa, ya kuma zaɓi ya yi masa dabara maimakon ya jure fushinsa. Haushinsa ya ji, tausayinsa ya ji, bai san wanne ya fi ba. Ya gaya masa laifin da ake tuhumarsa da shi, ya ce sauran na alƙali ne.

Malam ya roƙi abu ɗaya, a biya da shi gida kafin a wuce. Saje ya kalli Sufeto. Sufeto ya ce a biya, kuma a bar ankwa a aljihu.

A tsakiyar falo Malam ya tsaya, gaban kowa. Ya ce a bar Auta haka nan, na'urar da ta saya lafiyarta ƙalau, shi ya lalata ta da hannunsa. Wasu baƙi suka fara neman takalmansu.

Auta ba ta yi kuka ba. Ta biyo su har bakin mota ba takalmi, ta dafa ƙofar kafin Saje ya rufe.

"Yaya, in hanya ta ɓace wa Baba kunyata yake ji, kai yake kira. Bai kira ka ba?"

Malam ya kalli Sufeto kamar mai neman a cece shi. Sufeto ya kawar da kai.

"Ya kira," in ji Malam. "Wayar na hannuna, ina kallonta. Na ce bari ya ƙara tsorata kaɗan."

Auta ta saki ƙofar. Saje ya rufe a hankali, ya zagaya ya tada mota.