Furen da Keke Ya Ƙarasa

"Juya shi!"

Ta wurga ƙyallen a kan teburin yanka har almakashi ya faɗi ƙasa. Tela ya ɗaga ƙafa daga kan keke, ya dubi matarsa da murmushin mai jiran godiya.

"Gimbiya, har kin dawo? Ya jikin Baba?"

"Kar ka sa Babana a bakinka! Na ce juya shi!"

Ya juya. A gaba, reshe ne mai furanni, surfanin hannu da ta kwashe watanni tana yi don jarrabawar fita daga ajin tsakiya a makarantar koyon ɗinki. Bayan ne ya tona asiri. Furanninta duk zarensu ɗaya ne gaba da baya, amma na ƙarshe yana ɗauke da farin zaren ƙasa, irin wanda keke kaɗai ke bari.

"Me na aike ka?"

"Kin ce in kai wa Malama..."

"Na ce ka gaya mata ina jinyar Baba a asibiti, saura fure ɗaya, ta ƙara min lokaci. Haka na ce ko ba haka ba?"

"Haka ne. To, na ga fure ɗaya ne tak, ga ki duk kin rame... Kuma ai ya yi kyau."

Ya yi kyau ɗin, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan. Tela irin mazan nan ne da ke yi wa mutum ɓarna da zuciya ɗaya, sannan su tsaya jiran sannu da aiki.

"A gaban 'yan aji Malama ta ɗaga shi! Ta ce in faɗi wanda ya yi min, a bar ni in sake. In na yi shiru a soke sunana, ba ni ba satifiket."

"Kin faɗa?"

"In faɗa? In ce mijina ne, wanda ke koyar da ajin keke a makarantar da safe? Su kore ka? Na tsaya kamar gunki ana ce min mai maguɗi. Ni! Dubi yatsuna, ina allura ta bari? Ga Baba a kwance, kullum sai ya ce, Auta, yaushe zan ga takardar nan? Me zan ce masa?"

"Rabin raina..."

"Riƙe rabinka, ba na so!"

Ya ninke ƙyallen a hankali, ya zura takalmi.

"Ina za ka?"

"Makaranta."

"Dawo nan! Na sha kunya don aikinka ya tsira, kai kuma ka je ka zubar? Shirun nawa ya tashi a banza ke nan?"

"Aiki ana samun wani, Gimbiya. Ba zan shiga aji ina koyarwa, ke ana nuna ki da baki ba."

Ya fita. Ta bi shi har ƙofar shago tana kira, bai waiwayo ba. Ta koma ta zauna a kujerarsa ta yi kuka, ba ta ma san da wa take fushi ba yanzu.

Da yamma ya dawo da leda biyu. Ɗaya ta kayansa ce na aji: awo, alli, tsohon almakashi. Ɗayar kuma sabon farin ƙyalle ne da tambarin makaranta a gefe.

"Sun sallame ni," ya ce. "Ke kuma Malama ta ce ki faro daga farko. Duk mako za ta duba bayansa."

"Daga farko..." Ta shafa ƙyallen, babu ko ɗigon zare. "Wallahi ban taɓa ganin mutum irinka ba. Ka ɓata aikina, bai ishe ka ba, ka je ka ɓata naka."

"Kin yafe?"

"Ban yafe ba!"

Ta jawo ƙaramar kujera, ta ɗaure ƙyallen a zoben katako, ta zura zare a allura. Ya leƙo.

"Kau da kai. Ko idonka ba na so ya taɓa shi."

Ya fuskanci bango ya zauna. Can ya ji nauyin bayanta ya jingina da nasa, yana jijjiga kaɗan-kaɗan da kukan da take ɓoyewa. Bai motsa ba. Ta soka allura.