Tukunyar da Ke Yi wa Halliru Lodi

Shekarar da kuɗin Udoji na ƙarin albashi suka shigo Wudil, babu mai kantin da ya san abin da za a nema gobe. Yau madarar gwangwani, gobe batirin rediyo, jibi kowa siminti yake tambaya. Mota ɗaya muke haɗuwa mu ɗauka zuwa Kano, kowa ya yi canke ya cika gurbinsa. Ni dai gwani ne: na taɓa sauke lema makon da damina ta ɗauke.

Maƙwabcina Halliru ba shi da irin haƙurin da wauta ta koya min. Ya nufi wani boka a dajin bayan Lajawa. Da bakinsa ya ba ni labari, lokacin da sauran hankali a jikinsa.

Bukka ce ƙarƙashin tsamiya, an soke ƙahonni a rufinta. A tsakiya ga wata tukunya, jini ya bushe a bakinta har ya yi baƙi. Ko ƙuda ba ya sauka.

Halliru ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, so nake in san abin da za a nema kafin mota ta tashi."

"Mu ba ma canke, ɗan kasuwa. Masu saye muke kawowa."

"Me zan bayar?"

Boka ya turo masa tukunyar. "Kafin kowace tafiya ka kara kunnenka. Abin da ta faɗa ka lodo duka, kada ka bar ko ɗaya. Wanda gari ya rage, gidanka zai saya."

Halliru ya yi dariya. "Ragowar sukari? Ai matata Hansai ta gode."

Tukunya ta ce kwanon rufi da ƙusa. Iska ta yaye unguwa guda. Ta ce buhunan hatsi. Kogi ya shanye gonaki. Halliru ya sayi motar kansa, mu muka koma 'yan kallon lodi.

Ran nan na ga ana sauke masa bandir-bandir na alawayyo, da turare, da sarƙa mai kwaɗo.

Na ce, "Halliru, wannan ai kayan maƙabarta ne."

Bai kalle ni ba. "Labaran, yi addu'a dai su ƙare."

Amai da gudawa suka faɗo gari. Aka yi ta yanka yadin likkafani, amma bai ƙare ba. Ragowar ta ishi 'yarsa Murja, ta ishi ƙanensa Bilya. Sarƙa kuwa babu wanda ya taya. Da ita aka ɗaure Hansai ranar da ta fito titi tana kiran Murja ta zo cin tuwo.

Ya fasa tukunyar, muryar ta koma cikin kunnensa. Yanzu yana bakin gada cikin tsumma, yana tsayar da motoci yana faɗa musu abin da za su lodo. Direbobi toshe kunne suke.

Kai mai kanti, in kayanka sun yi kwantai, kakkaɓe musu ƙura ka gode wa Allah. Duk wanda ya ce lallai sai nasa sun ƙare, ya fara duba fuskokin da ke cin abinci a gidansa, don a cikinsu za a ciro mai sayen ƙarshe.