Aro Na Zo

Ku matso. Ke Ummi, bar wasa da tocilan nan. Duk wanda ya san zai yi fitsarin kwance ya tashi tun yanzu, kada gobe a ce ni na jawo.

Shafa'atu sunanta. Tana shekarar ƙarshe a jami'a, ba zan faɗi wacce ba. Yarinya ce mai ƙwaƙwalwa, amma akwai gaggawa. Magana ma gutsure ta take yi, kamar ana bin ta da bulala.

Malamin da ke duba aikinta na kammala digiri ya ce ba zai sa hannu ba sai ta kawo wani tsohon rubutu kan rijiyoyin ƙasar Hausa, wanda ya fito a wata mujalla tun kafin a haifi uwarta. Ta duba a kwamfutar laburare, ta sami lambarsa. Ta bi kantocin littattafai ɗaya bayan ɗaya, babu. Ta koma wurin ma'aikacin da ke bayar da aro, Malam Tanimu, ta tarar yana naɗe hannun riga zai yi alwala.

"Tsofaffin mujallu an sauke su ɗakin ƙasa," in ji shi. "Ki bari gobe in raka ki."

"Malam, gobe zan miƙa aikin."

"Magariba ta kawo jiki, 'yata. Ki bari."

Ta ce to. Yana ba da baya ta nufi matakala. Ni wannan "to" ɗin ne yake ba ni haushi har yau.

Ɗakin ƙasa da sanyi. Ƙwan lantarki ɗaya ne, shi ma rawa yake yi. Warin tsohuwar takarda ya cika mata hanci. Ƙura ta kwanta a ƙasa lumus, babu sawun kowa sai nata.

Amma akwai mutum. Wani tsoho ne a bayan tebur, da farar riga, da hatimi a gabansa. Ta ji daɗi, ta gaishe shi.

Bakinsa ya motsa, ya tsaya. Sai daga baya muryar ta iso, kuma ta bayan kunnenta ta fito.

"Me ya kawo ki?"

"Aro na zo, Baba."

"Aro kika zo?"

"Eh, aro na zo."

"Ki sake faɗa."

Ta ɗan ƙosa. "Baba, na ce aro na zo."

"Madalla," in ji muryar. "Mun karɓa."

Ya nuna mata wani lungu da haɓa. Tana shiga ta ga mujallar, an ɗaure ta da baƙin bango, a daidai tsayin hannunta, kamar an ajiye mata. Ta buɗe, ga rubutun rijiyoyin nan. Ta rungume ta a ƙirji, ta juya za ta fita.

Ba ta ga matakala ba.

Ta ce ko ta rikice ne. Ta bi layin kantoci har ƙarshe, sai ga teburin tsoho. Ta koma ta bi wani layin, ga tebur. Ta sa gudu. Kantocin nan kamar matsowa suke yi, har kafaɗunta suna gogar littattafai ta kowane gefe. Ta ƙwala kiran Malam Tanimu. Muryar ko taku biyu ba ta yi ba, takardu suka shanye ta. Ta duba waya, ta mutu murus.

Da ta sake faɗowa gaban teburin, numfashi ya ƙare mata, ta durƙusa. A nan ta ga ƙafafunsa ta ƙarƙashi. Dugadugan ne suke kallon ta. Yatsun suna kallon bango.

Ta fara Ayatul Kursiyyu. Tsohon ya jira ta kai tsakiya ta sarƙe, sannan ya ƙarasa mata.

"Mu ma muna karantawa," ya ce. "Ba zalunci muke yi ba. Magana muke riƙewa."

"Baba, don Allah, ina hanya?"

"Ga wurinki can."

Ta waiga. A cikin wata doguwar kanta akwai gurbi, siriri, daidai tsayinta, daidai faɗinta. An share masa ƙura. Gefen gurbin kuwa ba littattafai ba ne. Mutane ne a tsaye, kafaɗa da kafaɗa, ƙura ta rufe musu gira. Na kusa da gurbin wani saurayi ne mai tarin suma da wando mai faɗin ƙafa, irin na hotunan kakanninku. Idonsa kaɗai ke motsi, kuma ita yake kallo.

Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta tuna uwarta, wadda a daidai lokacin take rufe mata tuwo a kwano.

"Ni aron littafi na zo yi!"

"Ba haka kika ce ba. Na tambaye ki, na sake tambaya. Kika ce aro kika zo. Abin da ya zo mana aro, ajiye shi muke yi."

Kun ji fa. Kalma biyu ta haɗiye don sauri.

Ƙafafunta suka fara nauyi. Sanyi ya taso daga tafin ƙafa ya kai gwiwa. Ta ji yatsunta suna bushewa kamar busasshen ganye. Jikinta da kansa ya fara ja da baya, yana nufar gurbin.

Ta riƙe bakin tebur da hannu ɗaya.

"Baba. Abin da ke nan, ana bayar da shi aro?"

"Ga mai kati."

"Su waɗannan fa?"

"Ba wanda ya zo nemansu."

Ta cusa hannu a aljihun jaka ta zaro katinta na laburare. Da ƙyar ta ɗora shi a kan tebur. Wannan karon ba ta gutsure komai ba. Ta faɗi kalma ɗaya bayan ɗaya.

"Na zo in ari Shafa'atu 'yar Malam Lawwali, in tafi da ita gida."

Ƙwan lantarkin ya daina rawa. Tsohon ya juya katin, ya daɗe yana dubawa. Sai ta ji dariya a bayan kunnenta, irin ƙarar takarda in ana murza ta.

"Kati ɗaya, abu ɗaya. Ke ko mujalla?"

Ta ajiye mujallar. Ta kalli saurayin nan. Hawaye ya tsaga ƙurar kumatunsa ya gangaro. Tausayinsa ya kama ta har cikin ƙashi, amma katinta ɗaya ne, sai ta kawar da kai.

"Kawo hannu."

Ya buga mata hatimi a tafin hannun dama. Sanyinsa ya kai mata har haƙori.

"Aro ne fa," in ji shi. "Ana dawowa da shi."

Ta juya, ga matakala a inda ta bar ta. Da rarrafe ta hau. Ta tarar da Malam Tanimu yana shafa addu'a. Ya dubi fuskarta, ya dubi hannun, bai tambaye ta komai ba. Sai ya ce, "Ki riƙa zuwa sabuntawa kafin ranar ta cika. Kada ki makara."

Kwanan wata ne a tafin, da shuɗiyar tawada. Sabulu bai fitar ba, kananzir bai fitar ba. Kullum cikin lalle take, mutane suna cewa son kwalliya ne. Ta canja aikin, ta gama digiri. An ba ta gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, ta ƙi. Aka samar mata aiki a Legas, ta ƙi. Ko Hajji ba ta yarda ta je ba, don kada jirgi ya yi jinkiri. Duk lokacin da ranar ta matso, sai ta ɗauki katinta ta sauka ƙasa ita kaɗai, a buga mata sabo.

Zuwan da ta yi na baya-bayan nan, tsohon ya ɗaga hatimi, sai ya tsaya.

"Wannan ne na ƙarshe," ya ce. "Ba a sabunta abin da wani ya nema. Akwai wanda ya ce a ajiye masa ke."

Ranar ba ta cika ba tukuna. Ba ta gaya wa kowa yaushe ce ba.

To ku masu ɗokin shiga jami'a, kada in ji ɗayanku ya sauka ɗakin ƙasa shi kaɗai, balle da magariba. In kuma wani ya tambaye ku abin da ya kawo ku, ku faɗi maganarku cikakkiya. Ku tashi, kowa ya yi addu'a ya kwanta.